Kuɓuta Daga Alhakin Laifi: Hanyoyin da Doka ta Tanada a Nijar

Kuɓuta daga alhakin laifi shi ne a tabbatar, ta hanyar da doka ta yarda da ita, cewa ba za a hukunta mutum ba a kan abin da ake zargin sa da shi, ko kuma ba za a sa shi ya biya ba. A bakin jama'a magana ɗaya muke yi: "an sake shi". Amma ƙofofin fita daga hannun hukuma suna da yawa, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai wanda aka saki domin bai aikata ba. Akwai wanda ya aikata, amma doka ta ce ba za a kama shi da laifi ba. Wani ya tsira daga gidan kaso alhali biyan ɓarna yana wuyansa. Wani kuwa sakin sa kawai aka yi ya je gida ya jira ranar shari'a. Wajibi ne mai karatu ya san ta wace ƙofa mutum ya fito, domin abin da ya saura a kansa, na biya da na suna, ya danganta ne da wannan ƙofar. Misalanmu daga ƙasar Gure muka ɗauko su, cikin jihar Damagaram, inda manoma da makiyaya suke zaune kafaɗa da kafaɗa.

Zargi ba laifi ba ne

Tushen maganar duka shi ne, mutum wankakke ne a idon doka har ranar da kotu ta tabbatar da laifinsa. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 1948, ta faɗi haka a aya ta 11. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi, ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita a 1986, ta maimaita shi a aya ta 7. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar a watan Yuli na 2023, shi ma ya rubuta shi a aya ta 20.

Ma'anarsa a aikace ita ce, nauyin kawo hujja yana kan mai zargi. Idan wani ya ce ka sace masa raƙumi a kasuwar Gidigir, ba kai ne za ka nemo shaidar cewa ba ka sata ba. Shi ne, tare da mai shigar da ƙara na gwamnati, za su nuna cewa ka sata. In hujjarsu ta kasa, alƙali ya zauna cikin shakka, to shakkar tana amfanar wanda ake tuhuma. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musanta kuma rantsuwa ce a kansa. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Tsarewa a hannun jandarma ko ƴan sanda ba hukunci ba ce, bincike ne. Kundin tsarin shari'ar laifuka na 1961, da gyaran da aka yi masa a 2003, ya kayyade ta zuwa awa 48 a laifuka na yau da kullum, kuma ba a ƙara wasu awa 48 sai da izinin mai shigar da ƙara. A cikin waɗannan awoyi ne ake rubuta bayanin mutum da Faransanci. A nan ne mutane da yawa suke ɗora wa kansu laifi da babban yatsansu. Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa a takarda, sai an karanta maka ita an fassara cikin harshen da kake ji, Hausa ne, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Tubanci. Idan abin da aka rubuta ba shi ka faɗa ba, ka nemi a gyara cikin ladabi. Neman tafinta ba taurin kai ba ne.

Laifi na mai shi ne

Ƙa'ida ta biyu: ba a hukunta wani a madadin wani. Kundin hukunta laifuka na Nijar, doka mai lamba 61-27 ta 15 ga Yuli 1961, wanda aka yi wa babban gyara a watan Yuni na 2003, ya ce kowa aikinsa kaɗai yake amsawa. Yarjejeniyar Afirka da muka ambata ta ce hukunci a kan mai laifi kaɗai yake faɗawa. Saboda haka ba a tsare uba domin ɗansa ya gudu, ba a tsare mace domin mijinta ya tafi Libiya da bashin mutane, ba a kama ruga guda domin an bi sawun ɓarawo ya ɓace kusa da ita. Sai fa idan an nuna cewa mutum ya taimaka, ko ya ba da umurni, ko ya ɓoye kayan sata yana sane. A nan laifinsa ne na kansa ya kama shi, ba zumunta ba.

Ƙasarmu ta ga abin da manta wannan ƙa'ida yake haifarwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya zama ramuwar gayya a kan Fulanin da ke kusa. Mutum fiye da 100 suka mutu, mafi yawansu mata da yara. Ba su ne suka fara rigimar ba. An kashe su ne domin ƙabilarsu ɗaya da wanda ake nema.

Waɗanda suka aikata amma doka ba ta kama su ba

Kundin 1961 da gyaransa sun lissafa wasu halaye da suke ɗauke alhakin laifi daga kan mutum ko da hannunsa ne ya aikata. Lambobin ayoyi sukan sauya idan an sake gyara kundi, amma waɗannan ƙa'idoji tsofaffi ne, kuma ana samun su a dokokin ƙasashe da yawa.

Na farko yaro ne. Kundin ya ce wanda bai kai shekara 13 ba ba a hukunta shi. Alƙalin yara yana iya ɗaukar matakin kariya ko na tarbiyya, amma ba ɗauri ba. Daga 13 zuwa 18 ana duba ko yaron ya san abin da yake yi. In bai sani ba a sallame shi, in ya sani a sassauta masa hukunci fiye da na babba. Doka ta 20 ga Nuwamba 2014 ce ta sake tsara kotunan yara. Abin lura shi ne, shekarun da ake dubawa su ne na ranar da aka aikata abin, kuma takardar haihuwa ce take faɗar su. Yaron karkara mai tsawo da faɗin ƙirji, wanda ba a yi masa takarda ba, yana iya shiga hannu a matsayin babba. Iyayen da suka yi sakaci da takardar haihuwa sun hana ɗansu wata kariya da doka ta ba shi kyauta.

Na biyu mai taɓin hankali, idan ciwon ya gusar da hankalinsa a lokacin da ya aikata. Ba dangi ne suke yanke wannan ba, alƙali ne, bisa binciken likita. Wanda ya sha giya ko ƙwaya da ganin damarsa, ya yi ɓarna, ba ya cikin wannan sahu. Haka nan wanda ya ce "ban san doka ta hana ba".

Na uku wanda aka tilasta da ƙarfin da ba ya iya turewa, kamar direban da aka ɗora wa bindiga aka ce ya ɗauki kayan fashi. Na huɗu wanda ya yi abin da doka ta umurta, ko hukuma ta halal ta umurta. Amma gyaran 2003 ya sa iyaka: umurnin da kowa ya san haramun ne ba ya wanke mai bin sa. Ma'aikacin da ya azabtar da fursuna ba zai fake da cewa shugabansa ne ya sa shi ba.

Na biyar shi ne kare kai, kuma a kansa za mu daɗe, domin shi ne jama'a suka fi fahimta a karkace. Doka ta yarda mutum ya kare kansa ko ya kare wani. Amma sai harin ya kasance yana faruwa a wannan lokaci, ya kasance ba bisa haƙƙi ba, ya kasance babu wata mafita, sa'an nan martanin ya yi daidai da girman harin. Makiyayin da aka zaro wa takobi a bakin rijiya, ya tare da sanda har ya karya hannun mai harin, ya kare kansa. Wanda aka mara, ya zaro wuƙa ya soka, ya wuce iyaka. Wanda aka doka da safe, ya koma gida ya tara ƴan uwansa suka dawo da marece, wannan ramuwa ce, kuma ramuwa laifi ce sabuwa. Kundin ya ba da ƙarfi na musamman ga wanda ya tunkuɗe mai haura masa katanga ko mai fasa masa ƙofa cikin dare, da wanda ya kare kansa daga ƴan fashi. Amma da zarar ɓarawo ya juya baya yana gudu, ko an kama shi an ɗaure, hari ya ƙare, kare kai ma ya ƙare.

A nan dole in faɗi abin da ba kowa ke son ji ba. Dukan ɓarawo a kasuwa ba kare kai ba ne. Duk wanda ya ɗaga sanda a cikin taron zai amsa nasa, kuma yawan jama'a ba ya raba laifin ya zama ƙanƙane. Sau da yawa ma wanda ake duka ihun "ɓarawo" kawai aka ji a kansa, babu wanda ya ga abin da ya ɗauka. Abin da ya halatta shi ne a riƙe shi a miƙa shi ga hukuma mafi kusa.

Akwai kuma abin da ke tsakani. Wanda aka tsokana da duka mai tsanani, ya rama nan take fiye da kima, doka tana rage masa hukunci. Ragi ne, ba wankewa ba.

Kaso daban, biya daban

Shari'a iri biyu ce. Akwai ta laifi, wadda gwamnati take yi da mutum a madadin jama'a, ƙarshenta ɗauri ko tara. Akwai ta diyya, wadda ke tsakanin mutum da mutum, ƙarshenta biyan abin da aka ɓata. Mutum yana iya kuɓuta daga ta farko, ta biyu ta kama shi. Yaro ɗan shekara 10 da ya kunna wuta yana gasa fara, ta ci rumbun maƙwabci, ba zai shiga kaso ba, ubansa ma ba zai shiga ba. Amma hatsin da ya ƙone ana neman sa a hannun iyaye. Kundin dokokin zaman jama'a, a ayoyi 1382 zuwa 1385, ya ɗora wa mutum biyan ɓarnar da ya yi, da wadda ƴaƴansa ƙanana da ke gidansa suka yi, da ta ma'aikatansa a bakin aiki, da ta dabbobinsa, ko suna hannunsa ko sun ɓace masa. Wato ƙa'idar "laifi na mai shi ne" ta hukunci ce, ba ta biya ba.

Ɓarnar gona: yaushe makiyayi ba ya biya?

A ƙasar Gure babu shari'ar da ta fi wannan yawa. Daga Bune zuwa Kelle, daga Gamu zuwa Alakos, kowace kaka sai an ji ta. Asali shi ne mai dabba yana biyan abin da dabbarsa ta ci. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta dare da rana: ɓarnar dare a kan masu dabbobi take, da rana kuwa masu gona ne ke tsaron gonarsu, sai in makiyayi ya yi sakaci ko ya kora da gangan. Dokar ƙasa ba ta tsaya kan dare da rana ba. Abin da ta fi dubawa shi ne wuri da lokacin shekara, kuma ta ware halaye inda babu biya ko kaɗan.

Na farko ya shafi wuri. Doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961 ta ja layi daga yamma zuwa gabas, wanda ake kira iyakar noma ta arewa. Ta ambaci ƙasashen da layin ya ratsa da sunayensu: Filinge, Tawa, Dakoro, Tanut, Gure da Ngigmi. Arewa da layin ƙasar kiwo ce. An hana buɗe sababbin gonakin damina a can, sai ɗan noman da makiyaya ke yi domin cinsu da noman dausayi. Dokar ta ce gonar damina da aka buɗe a can ba bisa ƙa'ida ba, idan dabbobi suka ci ta, babu diyya. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta bar wannan layi a inda yake. Gaskiya ne yawan jama'a da ƙarancin ƙasa sun tura gonaki arewa ƙwarai tun 1961, har akwai manoman da aka haifa a gonar da doka ba ta san da ita ba. Wannan abin tausayi ne, amma manomin da ke wajen Tesker, wadda aka cire daga gundumar Gure ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ya kamata ya san matsayin gonarsa tun kafin ranar rigima.

Na biyu ya shafi lokaci. Dokar 2010 ta tsara rufe gonaki da sakin su. Kowace shekara hukumar jiha tana sa ranar sakin gonaki, bayan ta ji shawarar hukumomin kula da filaye, waɗanda jama'a ke kira kofo, da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Kafin wannan rana, dabbar da ta shiga gonar damina ta jawo wa mai ita biya. Bayan ranar, ba a neman diyya. Manomin da ya bar damman gero ko wake a gona har ranar ta wuce, asarar tasa ce. Makiyayin da ya sauko kudu kwana uku kafin ranar domin ya ga maƙwabta sun gama girbi, biyan nasa ne. Ranar tana sauyawa daga shekara zuwa shekara, bisa yadda damina ta kasance, don haka ba a dogara da ta bara. Ana sanar da ita a rediyo da bakin sarakuna. Wanda ya iya karatu ya nemi ganin takardar a ofishin magajin gari, ya rubuta ranar, ya faɗa wa mutanen garinsu.

Na uku ya shafi noman rani. Wannan yana da muhimmanci gare mu saboda kwaruruka masu dabino da rogo da rake da ke kudancin Gure, inda dabbobi kan sauko neman ruwa da kanwa. Dokar ta ɗora wa mai noman rani kare shukarsa da shinge. Lambun da aka bari a buɗe ba shi da diyya, sai in yana cikin wuraren noman rani ko na ban ruwa da hukuma ta sani ta amince da su.

Burtali da makiyaya da mashaya kuwa mallakar jama'a ne. Wanda ya shuka a cikinsu shi ne ya fara saɓa wa doka. Mun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shi ma manomi yana da abin da zai kiyaye. Ɓarnar da aka yi masa ba ta ba shi izinin sarar saniya, ko karya ƙafar raƙumi, ko dukan yaron da ke kiwo. Wanda ya yi haka ya shigo da haƙƙinsa a hannu ya fita da laifi a wuya. Abin yi shi ne a kira shaidu su ga ɓarnar tun sawu bai ɓace ba, a kai magana gaban mai gari ko arɗo. Dokar 2010 ta ce a fara da sulhu a gaban kwamiti mai adadin manoma da makiyaya daidai wa daida, ƙarƙashin basarake. In an daidaita a rubuta takardar sulhu. In ba a daidaita ba a rubuta takardar rashin sulhu, magana ta hau zuwa sarkin kanto, daga nan zuwa kotun Gure, inda alƙali ke zama da masana al'ada a irin waɗannan shari'o'i. Kotun ɗaukaka ƙara tana Damagaram.

Ikon sarakuna na sulhu ne a kan al'amuran al'ada da filaye da basussuka. Idan jini ya zuba, ko an yi kisa, ko fyaɗe, magana ta fita daga hannunsu. Ko dangin wanda aka cuta sun ce sun yafe, sun janye ƙara, mai shigar da ƙara yana da ikon ci gaba, domin babban laifi jama'a duka aka yi wa. Yafiyar dangi tana iya sauke diyya, tana iya sa alƙali ya sassauta, amma ba ta rufe shari'a.

Afuwa ba wankewa ba ce

Akwai ƙofofin da mutum ke fita ta cikinsu ba tare da an ce bai aikata ba. Sassaucin shugaban ƙasa, irin wanda aka saba gani a lokutan bukukuwan ƙasa, yana rage ɗauri ko ya ɗauke saurarsa, amma hukuncin yana nan a rubuce cikin takardar tarihin laifukan mutum. Daɗewar lokaci ma tana rufe tuhuma: kundin 1961 ya sa shekara 10 ga manyan laifuka, 3 ga matsakaita, 1 ga ƙanana, idan ba a ɗauki wani mataki na bincike ba a tsawon lokacin. Laifuka irin su kisan ƙare dangi ba sa tsufa.

Afuwa ta doka ta fi waɗannan ƙarfi, domin tana shafe tuhumar da hukuncin gaba ɗaya. Duk da haka ba ta mai da abin da ya faru ya zama bai faru ba. An kashe shugaban ƙasa Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin sama na Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999. Kundin tsarin mulki na 9 ga Agusta 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999, saboda haka kotunan ƙasa ba su hukunta kowa ba. Iyalinsa suka kai ƙara kotun CEDEAO da ke Abuja. A watan Oktoba na 2015 kotun ta umurci gwamnatin Nijar ta biya su sefa miliyan 435. Afuwa ta kare mutane daga kaso, amma ba ta shafe haƙƙin matarsa da ƴaƴansa ba. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025.

Kalmomin da ke kan takarda

Takardun kotu da Faransanci ake rubuta su, kuma kalma guda ce take raba wanda ya kuɓuta da wanda bai kuɓuta ba. Yana da kyau mai koyo ya san surar waɗannan kalmomi ko da bai iya Faransanci ba.

Idan aka rubuta "classement sans suite", mai shigar da ƙara ne ya ajiye maganar bai kai ta gaban alƙali ba. Yana iya sake ɗauko ta in sabuwar hujja ta fito. "Non-lieu" kuwa alƙali mai bincike ne ya ce babu isasshen dalilin yin shari'a. "Relaxe" da "acquittement" su ne wankewa ta sosai: kotu ta zauna, ta saurari kowa, ta sallami mutum, ta farko a matsakaitan laifuka, ta biyu a manya. Idan wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, ba a sake gurfanar da shi a kan wannan abu. Wa'adin gajere ne, na kwanaki ne ba watanni ba, kuma mai shigar da ƙara ma yana da ikon ɗaukakawa.

Kalmomi biyu su ne suke yaudarar mutane. "Sursis" ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne: an same ka da laifi, an yanke maka ɗauri, an jingine shi, kuma in ka sake wani laifi cikin wa'adi za a haɗa maka biyun. "Liberté provisoire" shi ne sakin talala: shari'a ba ta ƙare ba, ka koma gida ne ka jira kira.

Na ga illar wannan da idona. A wata cibiyar yaƙi da jahilci da nake zagayawa, wani magidanci mai saye da sayar da awaki ya kawo mini takarda naɗe cikin leda, yana murna. Ya ce, "Malam, duba mini, an wanke ni." An zarge shi ne da sayen akuyar sata, ya yi makonni a tsare, aka sake shi. Da na buɗe sai na ga sakin talala ne. Na ce masa, "Ɗan uwa, ba a gama ba, kada ka yi nisa." Ashe ya riga ya shirya tafiya cin rani Najeriya, har ya ci bashin kuɗin mota. Da ya tafi, da sammaci ya zo bai same shi ba, da an yi shari'ar a bayan idonsa ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ya fasa tafiyar ba da son ransa ba. Ranar shari'a ya zo da dillalin da aka yi cinikin a gabansa da wasu mutum biyu, suka shaida cewa a fili ya saya, kuma da kuɗin kasuwa. Kotu ta sallame shi. A makon da ya biyo baya shi da kansa ya roƙi a rubuta kalmomin nan shida a allo, ajin duka suka kwafe su a littattafansu.

Bayan an wanke mutum

Wanda kotu ta wanke ya nemi kwafin hukuncin a wajen magatakardan kotu, ya adana shi tare da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Jama'a sukan tuna ranar da aka kama mutum su manta ranar da aka wanke shi, kuma wata rana wajen neman aiki, ko aure, ko takarar kansila, takardar ce za ta yi magana. Ya nemi a mayar masa da dabbobi ko kayan da aka riƙe domin bincike. Gyaran 2003 ya kuma tanadi diyya ga wanda aka tsare a gidan kaso kafin shari'a, daga baya aka sallame shi, amma sai ya nema a rubuce. Idan ya tabbata cewa wanda ya kai ƙararsa ya san ƙarya yake yi, ko wani ya yi shaidar zur a kansa, waɗannan laifuka ne da kundin ya hukunta, kuma yana da ikon shigar da tasa ƙarar. Wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya, ya zaci akuyarsa ce, ba ya cikin wannan.

Ga wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, doka ta 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ domin ba da shawara kan shari'a kyauta, da kuma samar da mai kariya ga marasa ƙarfi da yara. An tsara mata ofisoshi a manyan kotunan jihohi, ciki har da ta Damagaram. Mai zuwa can ya riƙe dukkan takardun da aka taɓa ba shi a kan maganar, har da sammaci da takardar sulhu ta gaban sarki, da sunayen shaidunsa da garuruwansu.